Daga Littafin Lanho Zuwa Kwamfuta: Tarihin Rumbun Bayanai Ta Idon Tagriss

Wanda ya fara kiran ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta da sunan "rumbu" ya san abin da yake faɗi. A Tagriss, komin ɗin karkara da ke gabashin gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, kowane yaro ya san tara hatsi wuri ɗaya bai isa a kira shi rumbu ba. Sai an ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshi, an yi masa ƙofa guda, an jera dami bisa dami yadda za a ci na bara kafin na bana. Kuma dole a samu mutum ɗaya da ya san dami nawa ya shiga, nawa ya fita, da wanda ke da izinin hawa. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, hatsin na nan dai, amma kafin bazara ta ƙare gidan ya rikice.

Haka abin yake ga tsarin da masana kwamfuta ke kira manhajar sarrafa rumbun bayanai. Littattafan koyarwa sukan jera sassansa: bayanan kansu, na'urar da ke ɗauke da su, manhajar da ke tsakani, harshen da ake yi mata tambaya da shi, ƙa'idojin aiki, sai mutanen da ke riƙe da abin. Ɗalibi kan haddace jerin ya ci jarrabawa, ya fito bai san dalilin ko ɗaya ba. Alhali kowane sashe wata matsala ce ta haife shi, kuma kusan duk matsalolin nan an yi fama da su a ƙasar Dakoro tun ana rubutu da alƙalami da tawada.

Rumbun bayanai na farko da gwamnati ta kafa a wannan yanki shi ne littafin haraji, wanda mutanen Nijar ke kira lanho. A zamanin Faransawa, kwamanda kan fita rangadi da tafinta da gardawa, a tara mutanen gari, a rubuta sunan mai gida, matansa, ƴaƴansa, waɗanda suka isa biya, da adadin dabbobinsa. Da aka kafa Dakoro a matsayin mazaunin mulki a 1947, littattafan kanto-kanto na yankin, har da na Soly-Tagriss, nan suka koma. Duk wanda ya kalli shafin irin wannan littafi zai ga asalin abin da ke cikin kwamfuta a yau: layi ɗaya na mutum ɗaya, kowane gurbi da irin abin da ake sa masa, suna a nan, shekaru a can.

Sai dai littafin ya zo da cuta tun daga haihuwarsa. Shiga cikinsa na nufin biya, wani lokaci ma aikin tilas. Don haka mai hankali kan rage ƴaƴa, makiyayi kan kora rabin garkensa daji kafin kwamanda ya iso. Ba za a ga laifinsu ba. Magatakarda ya rubuta abin da aka faɗa masa da kyakkyawan rubutu, lissafi ya tashi daidai, amma abin da ke kan takarda da abin da ke ƙasa sun yi hannun riga. An soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, amma ɗari-ɗarin da mutane ke yi da mai littafi bai tafi tare da shi ba, kuma har gobe masu ƙidaya na cin karo da shi.

Akwai wata cutar kuma a ginin littafin kansa. An tsara shi kamar itace mai rassa: mutum na ƙarƙashin mai gida, mai gida na ƙarƙashin mai gari ko ardo, shi kuma na ƙarƙashin sarkin kanto ko shugaban rukunin makiyaya, har a kai ga kwamanda. Kowa da reshe ɗaya. To ina za a sa Bafillacen da ke biyan lanho a hannun ardonsa, yana noma a gefen wani garin Hausawa, yana shayar da shanu a wata rijiya can arewa? Ina za a sa Buzun da shugabansa ke wata gunduma shi kuwa ya shekara ashirin a nan? A yankin da Hausawa, Buzaye da Fulani ke zaune cuɗanye, irin waɗannan mutane suna da yawa ƙwarai. A riƙe wannan tambaya, domin ita ce za ta raba gardama a Amurka bayan wasu shekaru.

Can ma ƙidaya ce ta fara tura mutane neman na'ura. Ƙidayar Amurka ta 1880 ta ci kusan shekara takwas kafin a gama tattara sakamakonta. Don ta 1890, Herman Hollerith ya ƙera na'ura mai karanta kati da aka huda, kowane rami da ma'anarsa, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama abin da aka raɗa wa suna IBM a 1924. A 1956 IBM ta fitar da RAMAC, kwamfutar farko mai faifan ajiya: faifai hamsin, nauyi wajen tan guda, suna ɗaukar haruffa miliyan biyar, abin da bai kai hoto biyu na wayar zamani ba. Muhimmancinsa shi ne ana iya zuwa kai tsaye wurin bayanin da ake so, ba sai an bi tarin kati tun daga na farko ba.

Da faifai ya samu, sai wata buƙata ta taso. Kowane ofishi a kamfani na da nasa fayil, kowane mai rubuta manhaja na ajiye abu yadda ya ga dama, sunan mutum ɗaya na wuri biyar da adireshi iri uku. Charles Bachman na kamfanin General Electric ne ya fito da mafita a farkon shekarun 1960: a sa manhaja guda ta tsaya a ƙofa, duk mai ajiya ko ɗauka ya bi ta hannunta. Wannan ita ce zuciyar tsarin, ita ce ma'ajin rumbu. IBM ta biyo da nata, IMS, wanda ya fara aiki a 1968 don lissafin miliyoyin sassan kumbon Apollo. An gina IMS kamar itace mai rassa, sak littafin lanho. Ga sassan kumbo hakan ya yi, tunda kowane ƙusa na cikin wani sashe ne. Ga rayuwar mutane kuwa ya yi ƙunci.

Wanda ya warware ƙullin wani Baturen Ingila ne, Edgar Codd, masanin lissafi da ya tuƙa jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya koma aiki da IBM. A watan Yuni na 1970 ya buga maƙalar da ta sauya fannin gaba ɗaya. Shawararsa mai sauƙin faɗi ce: a daina rataye abu ƙarƙashin abu. A yi jadawali dabam-dabam, kowanne na iri ɗaya, a ba kowane layi lambar da babu mai irinta, sannan a riƙa haɗa jadawalan ta waɗannan lambobi a lokacin da aka yi tambaya.

Babu wurin da ya fi nuna amfanin wannan shawara kamar maganar gona a ƙasar Dakoro. Dokar 1961 ta ja layin da noma bai kamata ya ƙetare ba zuwa arewa, layin kuwa ya ratsa wannan yanki, ta wajen kwarin Tarka. Jama'a ta ƙaru, fari na shekarun 1970 da na 1984 suka tarwatsa garke da iyalai, gonaki suka yi ta hawa arewa, burtali ya tsuke. A watan Oktoba na 1991, a Toda da ke kudancin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Tun kafin nan ana aikin tsara dokar karkara, amma Toda ta nuna wa kowa cewa jinkiri na da tsada. Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar da ta kafa ginshiƙan tsarin filayen karkara na Nijar, kuma a 1994 aka buɗe hukumomin filaye na farko a Mirriah da Maïné-Soroa. Daga baya suka bazu: ta gunduma a ƙarƙashin shugaban gunduma, ta komin a ƙarƙashin magajin gari, ta ƙauye a ƙarƙashin mai gari, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Mutane na kiransu kofo.

Dokar 1993 ta umarci a riƙe kundin karkara mai sassa biyu. Na farko taswira ce da ke nuna filayen da iyakokinsu. Na biyu tarin katuna ne, kowane kati da sunan mai haƙƙi. Waɗanda suka rubuta dokar lauyoyi ne da masana karkara, amma abin da suka zana jadawalan Codd ne: filaye gefe guda, mutane gefe guda, sai takardun da ke ɗaure su, wato shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina. Gona ɗaya na iya zama gadon wani, tana hannun wani bisa jingina, ƙanen na biyun ne ke nomanta, kuma idan hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, dabbobin makiyayi na da damar shiga su ci kara. Mutum huɗu, haƙƙi huɗu, fili ɗaya. Itace mai rassa ba zai ɗauki wannan ba sai an yi ƙarya a wani wuri. Jadawali uku kuwa sun ɗauke shi ba tare da an maimaita komai ba, kuma in mai jingina ya sauya, layi ɗaya kawai za a taɓa.

Amma duk ginin ya dogara ne kan waccan lamba da babu mai irinta, kuma a nan ne ƙasar Hausa ke ba injiniya wahala. Suna ba ya iya wannan aiki. A ƙauye ɗaya za a samu Abdu ɗan Musa uku. Sunan Annabi kaɗai, a rubutun boko na Nijar, yana zuwa a matsayin Mahamadou, Mahamane, Mamane, Mamadou ko Mohamed, kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da biyu daga ciki a takardu biyu. Ga laƙabi, ga alkunya da ke hana uwa faɗin sunan ɗan fari, ga matar da kowa ya sani da sunan rana. Sunayen garuruwa ma haka: Sabon Gari da Zango ba su ƙirguwa, kuma "Gidan" wani ya rubuta shi da harafin u, wani babu. Shi ya sa bayan ƙidayar 2012, wadda ta samu mutum 17,138,707 a ƙasar, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da kundin garuruwa da ake kira RENALOC, inda aka jera birane, ƙauyuka, tungaye da zangunan makiyaya, kowanne a ƙarƙashin komin ɗinsa, da yawan jama'arsa da matsayinsa a taswira.

Ranar haihuwa ita ma ba ta ceto. Tsofaffin takardu cike suke da kalmar Faransanci mai nufin "wajen shekara kaza", domin an kimanta shekarun ne da ido ko da wani abin tarihi, kamar shekarar yunwa. Da kwamfuta ta zo ta nace sai an ba ta rana da wata, sai aka riƙa cika gurbin da 1 ga Janairu. Tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum, duk 1 ga Janairu ke rubuce a tarihinsu, na farko 1952, na biyu 1960. Codd ya hango wannan matsala, ya ce dole tsari ya tanadi alama ta musamman mai nufin "ba a sani ba". Ra'ayinsa ya fi gaskiya. Rumbun da aka tilasta wa ƙirƙiro amsa ya fi wanda ya bar gurbi a buɗe haɗari, domin mai karantawa ba zai iya bambance ainihin rana da ta cike gurbi ba.

Bayan ajiya sai tambaya. A 1974, Donald Chamberlin da Raymond Boyce na IBM suka tsara harshen da ya zama SQL, a 1979 kuma kamfanin da aka sani yau da Oracle ya fara sayar da manhaja mai aiki da shi. Hikimar harshen ita ce mai tambaya na faɗin abin da yake so ne kawai, kamar ya ce: kawo sunayen matan da ke da gonar gado a ƙauye kaza. Bai damu da inda aka ajiye su ba. Wani sashe na manhajar ne ke karɓar tambayar, ya duba ko tana da ma'ana, ya auna hanyoyin da za a bi, ya zaɓi mafi sauri. Shin a fara tace mata sannan a nemi gonakinsu, ko a fara da gonakin ƙauyen? Amsar ɗaya ce, amma wata hanyar na iya cin daƙiƙa guda, wata ta ci awa.

Abin da ke sa saurin shi ne fihirisa, irin wadda malamai suka sani a ƙarshen littafi. Nau'in da ya fi yaɗuwa Rudolf Bayer da Edward McCreight ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970. Yana aiki kamar yadda saƙo ke samun mai shi a Nijar: cikin jihohi 8 a zaɓi Maraɗi, cikin gundumominta a zaɓi Dakoro, sannan Tagriss, sannan ƙauye, sannan gida. Taki biyar, an fitar da mutum ɗaya daga cikin miliyoyi. Magatakardan da ba shi da fihirisa kuwa sai ya buɗe kundi shafi-shafi, mai nema na zaune a rana.

Sashen da ya fi kowanne ɓoyuwa, kuma ya fi kowanne hana faɗa, shi ne mai kula da cinikayya. A ɗauki ɗan ci-rani da ya je ofishin NITA ko Al Izza a Yamai ya tura kuɗi gida. Abu biyu ne za su faru a cikin rumbu: a rubuta an karɓa a can, a rubuta ana bin a biya a nan. In wuta ta ɗauke a tsakani fa? Jim Gray, wanda ya yi aiki kan wannan a IBM tun shekarun 1970 kuma ya samu lambar yabo ta Turing a 1998, na cikin waɗanda suka kafa ƙa'idar: ko duka su tabbata, ko a koma kamar ba a fara ba. Dabarar ita ce manhajar na da wani littafi na gefe, inda take rubuta abin da za ta yi kafin ta yi shi, kamar mai kanti da ke shigar da bashi a littafi kafin ya miƙa kaya. In na'ura ta mutu ta farfaɗo, wannan littafi take fara buɗewa, ta ƙarasa abin da aka tabbatar, ta warware wanda aka bari rabi.

Tare da shi akwai kulle. In mutum biyu suka nemi taɓa layi ɗaya a lokaci guda, ɗaya zai jira. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarki ya ji shari'ar gonar da aka sayar wa mutum biyu, kowanne da shaidunsa, ya san darajar wannan. Tsarin kofo na da nasa kullen na gargajiya: kafin a rubuta haƙƙi sai an yi shela, an je gonar, maƙwabta sun tsaya kan iyaka, an ba mai ƙorafi lokaci ya fito. Yana da jinkiri, amma manufarsa ɗaya da ta kwamfuta, wato kada a rubuta abu biyu masu karo da juna.

Maganar wa ke da izinin hawa rumbu ita ma ta samu sashenta. A tsari mai kyau, akwai mai iya karantawa kawai, akwai mai iya ƙarawa, akwai ƙalilan masu iya gyara, kuma duk gyara na barin sawu: wa ya yi, yaushe, me ke wurin a da. Takarda ba ta da wannan kariya sai amanar mai riƙe da ita. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido. Wannan ya dace, domin kundin da ya san gonar kowa, ciwon kowa da yatsan kowa makami ne in ya faɗa hannun da bai kamata ba. Ga kuma kwafin ajiya. Gara, ɗigon rufi da gobara sun cinye tarihin iyalai da yawa a ofisoshin Afirka ta Yamma, kwamfuta kuwa ƙura da zafi da wutar da ke hawa da sauka ne abokan gabarta. Shi ya sa takardun kofo ake yin su kwafi-kwafi, wani a hannun masu ciniki, wani a ƙauye, wani a sama. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun komin na ƙasar aka naɗa wakilan gudanarwa a madadinsu. Shugabanni kan sauya ta hanyoyi da dama, kundin kuwa dole wanda ya zo ya same shi yadda na baya ya bar shi.

Akwai sashe ɗaya da ɗalibai ke rainawa, wato ƙamus ɗin rumbu, inda aka rubuta ma'anar kowane gurbi da irin abin da ya halatta a sa masa. Ɗan kasuwar hatsi ya fi kowa gane shi. In aka ce farashin tiya kaza ne, tiyar wace kasuwa, a cike da tozo ko a shafe? Ma'aikatar lafiya ta Nijar ta koma amfani da manhajar DHIS2 a faɗin ƙasa daga 2017. Asalin manhajar daga Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariya, Jami'ar Oslo ta Norway ce ke jagorantar gina ta, kuma a ƙarƙashinta akwai PostgreSQL, rumbun kyauta da ya samo tushe daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Berkeley. Ma'aikacin ƙaramar likita a karkarar Dakoro na cika rajistarsa da hannu, ƙarshen wata ya tattara alƙaluma, a shigar da su, a gan su a Maraɗi da Yamai. Amma in shi yana ƙirga duk mai zazzaɓi a matsayin mai cutar cizon sauro, maƙwabcinsa kuma sai wanda gwaji ya tabbatar, to jimillar da za ta fito ba ta da amfani ga mai rabon magani. Ƙamus ne ke hana wannan, in an koyar da shi kuma an bi shi.

Wannan ya kawo mu ga mutane da ƙa'idojin aiki, waɗanda littattafai kan sa a ƙarshen jeri, alhali a wuri irin Tagriss su ne farko. Kafin zaɓen 2016, masu bincike na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci sun duba rajistar masu zaɓe ta Nijar, aka cire rumfunan zaɓe wajen 300 da babu su a ƙasa, da sunaye kimanin 25,000 da aka rubuta sau biyu. Don zaɓen Disamba 2020, hukumar zaɓe ta CENI ta yi sabuwar rajista da hoto da zanen yatsu, ta samu mutum kimanin miliyan 7.4. Yatsa ya magance matsalar Abdu ɗan Musa uku, domin babu mai irin na wani. Abin da bai magance ba shi ne mutumin da ba shi da wata takarda da zai nuna tun farko, ko makiyayin da ke can wajen kiwo ranar da na'ura ta zo garinsu. Sai da aka yi ta zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka ana ba mutane takardun haihuwa kafin su iya shiga.

Ashe tushen duk rumbunan nan ɗaya ne: rajistar haihuwa, aure da mutuwa da ke hannun komin. Tun da aka ƙirƙiro komin-komin a 2002 aka kuma zaɓi majalisunsu na farko a 2004, wannan aiki na wuyan meriya, wato ofishin magajin gari, da cibiyoyin sanarwa a likitoci da ƙauyuka. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta sabunta tsarin, ta buɗe ƙofar mayar da shi cikin kwamfuta. Sayen na'urar shi ne mafi sauƙin aikin. Faifan sola, batir da ƴar kwamfuta sun isa, kuma manhajar ma kyauta ce. Hasali ma duk mai wayar Android ko iPhone a kasuwar Dakoro na yawo da cikakken rumbun bayanai a aljihunsa, wato SQLite, wanda Richard Hipp ya rubuta a shekarar 2000, shi ke riƙe masa lambobi da saƙonni. Abin da ke da wuya shi ne a samu magatakardan da aka horar, ana biyansa a kan lokaci, yana da littafi da tawada, ya san cewa harafi ɗaya da ya kuskure yau zai iya hana yarinya zama jarrabawa bayan shekara goma sha biyu. Aikin da ya sayi kwamfuta ya manta da wannan mutum, ya gina rumbu ne babu mai zuba masa hatsi.

Kakannin mutanen Tagriss sun ɓoye wa littafi ƴaƴansu saboda littafin na zuwa ne ya karɓa. Na yau shi ke buɗe ƙofar makaranta, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe da shaidar gado. Don haka kira ga hukumomi shi ne su kula da magatakardan ƙauye da na kofo kamar yadda suke kula da na'ura. Kira ga iyaye kuma, a Tagriss da sauran ƙasar Dakoro: dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Ranar suna, bayan an yanka rago an yi addu'a, a je a rubuta yaron da sunansa daidai da ainihin ranar da aka haife shi.